Neman kalma: me za mu kira Furgatori da Hausa?

Abu Hafsa, Madina: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, lokaci ya ƙure mini. Gobe Alhamis bayan Isha'i ina da darasi da sababbin ɗalibanmu waɗanda Larabcinsu bai nuna ba tukuna, cikin jerin da muke yi kan addinai. Mun iso aƙidar Katolika game da abin da ke bayan mutuwa. Muzakkarar da nake fassarawa, wato takardar darasin ta Larabci, ta ce al-Maɗhar, abin da Turawa ke kira Furgatori. A ganinsu wanda ya mutu cikin yardar Allah amma da sauran ƙananan zunubai, ko sauran horon da bai gama ɗauka ba, sai an tsarkake shi kafin ya shiga aljanna, kuma addu'ar masu rai tana amfanarsa. Duk inda kalmar ta fito na bar gurbi fari a takarda. Da me zan cike?

Nura, Makka: Barzahu mana. An gama.

Ustaz Kabiru, Makka: Ba a gama ba. Barzahu kowa na shigarsa, mumini da kafiri, daga mutuwa har tashin ƙiyama, duba aya ta 100 a Suratul Mu'minun. Nasu kuwa ba na kowa ba ne. Wanda za shi wuta ba ya biyawa ta can, kuma duk wanda ya shiga, aljanna ce ƙarshensa.

Nura, Makka: To A'arafi.

Ustaz Kabiru, Makka: Shi ma bai hau ba. A'arafi ranar ƙiyama ne, a kan shamakin da ke tsakanin aljanna da wuta, kuma mafi shaharar tafsiri shi ne mutanen da kyawawansu da munanansu suka yi kunnen doki. Ba a ce ana gyara su da horo ba. In ma kusanci ake nema, hadisin Abu Sa'id a Buhari ya fi kusa, inda ake tsare muminai a kan ƙanɗara, wata gada tsakanin aljanna da wuta, su rama wa juna haƙƙoƙi, sai an tace su an tsabtace su sannan a yi musu izinin shiga. Amma wannan bayan hisabi ne, ba wanda ke duniya a lokacin balle ya yi musu addu'a. Abu Hafsa, kada ka ara musu kalmarmu ko ɗaya. Yaran za su fita suna cewa Kirista ma sun yarda da barzahu.

Malam Bello, Jidda: Kun fara ke nan. An ce a nemo kalmar Hausa, ku kun tafi Larabci. Kalmar Latin ɗin da Furgatori ta samo asali daga gare ta, daga aikatau take mai ma'anar tsarkake abu, sai aka yi mata siffar sunan wuri. Mu ma muna da wannan ƙirar tun kaka da kakanni: karanta, makaranta, rina, marina, ƙera, maƙera, jema, majema. Saboda haka tsarkake, MATSARKAKA. Kalma ɗaya tilo, ba aro, ba jela. Rubuta ta kawai.

Baba Ɗan Mai Wurno, Jidda: Ya zol, me ya kai ku wahala? Kiristan Larabawa sun riga sun ce Maɗhar, a Hartum haka muke ji a bakinsu. Mu ce Maɗahar, tunda kowane Bahaushe ya san ɗahara tun daga Ahalari da Ishmawi. Tamam.

Hajiya Umma, Shara Mansur: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka ɗauko kwalbar Dettol ka duba. Mim, ɗa, ha, ra, baƙaƙen nan huɗu ne a jiki, ba wasali. Kowane yaro a Makka in ya gan su maganin kashe ƙwayar cuta zai karanta. Shi kuma Malam Bello, wallahi ina ganin matsarkaka buta ce ta faɗo mini a rai. In uwa ta ce wa yaro je ka yi tsarki, ina yake nufa?

Nura, Makka: Hajiya ta kashe mu.

Malam Bello, Jidda: Abin dariya ba hujja ba ne, Hajiya. Tsarki ya tabbata ga Allah da muke cewa kullum, shi ma buta yake tuna miki?

Rifkatu, Riyad: Sannunku iyayena da yayyena. Wata abokiyar aikina a asibiti ce ta nuna mini tambayar, ni 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna. A gida Furgatori muka taso muna ji, in za a bayyana wa tsofaffi sai a ce inda ake tsarkake rayuka. Malam Abu Hafsa, abu na farko da ya kamata ɗalibanka su sani, kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya, kuma cocinmu bai ce tana ciki ba. Daga ayoyi aka ciro koyarwar, aka haɗa da al'adar yi wa matattu addu'a tun ƙarnonin farko.

Babbar madogara ita ce Littafin Makabiyawa na biyu, sura 12, daga aya 38 zuwa ƙarshe. Ƙarni na biyu ne kafin haihuwar Almasihu. Yahuza Makabi, jagoran mayaƙan Yahudawa, ya gama yaƙi da wani kwamandan abokan gaba mai suna Gorgiyas, mutanensa suka je kwasar gawawwakin sojojinsu, sai suka tarar kowane mamaci yana da layar gumakan garin Yamniya ɓoye a ƙarƙashin riga, abin da Attaura ta haramta. Suka roƙi Allah ya shafe wannan zunubi, Yahuza ya yi karo-karo ya tara dirhami 2,000 na azurfa ya aika Urushalima a yi hadaya dominsu. Marubucin ya yaba masa, ya ce da ba ya sa ran tashin matattu da addu'ar ta zama aikin banza. Mu kuma muka ce, wanda ke aljanna ba ya bukatar addu'a, wanda ke jahannama ba ta yi masa amfani, to su wa ake yi wa?

Ta biyu, wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 3, aya 11 zuwa 15. Ya ce kowa yana gini a kan harsashi ɗaya, wani da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani da itace da ciyawa da kara, kuma wuta za ta gwada aikin kowa. Wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, amma shi kansa zai tsira, kamar wanda ya ratsa ta cikin wuta. Sai Matiyu 12:32, zunubin da ba a gafartawa a wannan zamani ko a mai zuwa. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rasu a 604, ya fahimci cewa ashe akwai waɗanda ake gafartawa a mai zuwan. Akan ƙara da Matiyu 5:26, ba za ka fita kurkuku ba sai ka biya anininka na ƙarshe, da Wahayin Yahaya 21:27, cewa ba abu mai ƙazanta da zai shiga birnin.

Yakubu, Dammam: 'Yar'uwa Rifkatu, ki faɗa musu sauran. Ni ɗan ECWA ne, Makabiyawa ba ya cikin littattafanmu 66, ku ne ke da 73. Yahudawa ma ba su sa shi cikin nasu ba. Tun a muhawarar Laifzig ta 1519 Martin Luta, jagoran Furotesta, ya ƙi karɓarsa a matsayin hujja kan wannan magana. Sannan sojojin nan da shirka suka mutu, a koyarwarku ai babban zunubi ne, me ya kai su Furgatori? Wutar Bulus kuwa aikin mutum take gwadawa a ranar shari'a, ba ransa take wankewa ba.

Rifkatu, Riyad: Yaya Yakubu, ba a Dammam za mu warware abin da ya gagari Luta da abokin muhawararsa Eck ba. Amma gaskiya ne, Malam, ka ce aƙidar Katolika ce, kada ka ce ta Kirista duka. 'Yan Otodoks ma suna yi wa matattu addu'a amma ba su karɓi bayaninmu ba.

Abu Hafsa, Madina: Na gode ƙwarai, ku biyun. Muzakkarar tawa layi biyu kawai ta ba wa hujjojin. Yanzu sai kalma.

Malam Bello, Jidda: Kalma na nan na ba ka. Duk bayanin yarinyar nan ai matsarkaka yake ƙarfafawa.

Ustaz Kabiru, Makka: Malam, akwai wata matsalar ban da ta Hajiya. A rubuce ba a gane karin sauti. Maƙera wurin ƙira ce, maƙera kuma jam'in maƙeri ne. Mai karatu zai iya ɗaukar matsarkaka a matsayin mutane masu tsarki.

Yakubu, Dammam: Mu a coci tsarkaka su ne bayin Allah tsarkakakku. In ka ce mamaci ya tafi matsarkaka, tsohuwata za ta ce alhamdu lillahi ya shiga cikin waliyyai.

Malam Bello, Jidda: To a daina cewa maƙera da marina ke nan? Hausa ba ta taɓa rikicewa a kansu ba, jimla ce ke fayyacewa. Ciwonmu shi ne raina namu. Bature ya ƙirƙiri kalma mu haɗiye, Balarabe ya ƙirƙira mu ce masha Allah, Bahaushe ya ƙirƙira sai a tuna buta. Waɗanda suka ba mu Majalisar Ɗinkin Duniya da na'ura mai ƙwaƙwalwa da sun saurari irinku da yanzu ba mu da komai. Kuma da girmamawa, masu cewa sayyara da tallaja da mukayyif ba su ne za su yi mana alƙalancin Hausa ba.

Hajiya Umma, Shara Mansur: Au, abin ya zo kan Takari? Ku da kuke cewa mota da firji da esi, daga Daura kuka gado su? Na'urar taka ma Larabci ce, ya shekh. Halas.

Baba Ɗan Mai Wurno, Jidda: Bello ɗana, ka iya bakinka. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, a ƙafa, har bakin Shuɗin Nilu, ba su yar da harshen a hanya ba. Zo Mai Wurno ko Gadarif a Sudan ka ji tsofaffi, akwai kalmomin da Kano ta manta. Sannan ka lissafa mini: lahira, aljanna, jahannama, ƙiyama, kabari, hisabi. Wanne ne naka a ciki? Abin da ya shafi gobe ƙiyama kusan duk da Larabci Bahaushe ya koye shi, sai yau aro ya zama abin kunya?

Malam Bello, Jidda: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba. Amma kushewa tamu ce, wuta tamu ce, mutuwa tamu ce.

Nura, Makka: Wato munanan ne namu.

Abu Hafsa, Madina: Don Allah jama'a, gobe ne fa.

Rifkatu, Riyad: Baba Bello, ka yi haƙuri in ƙara abu ɗaya, ba don in rushe maka ba. Ka ce ma- na sunan wuri ne. To cocinmu bai wajabta a yarda cewa wuri ne ba. Majalisun cocin da suka tsayar da koyarwar su ne Liyon a 1274, Fulorans a 1439, da Tirent a 1563, kuma abu biyu suka kafe a kai: akwai tsarkakewa bayan mutuwa, kuma addu'ar masu rai tana taimako. Katikizim na 1992, wato littafin koyarwar cocinmu, sakin layi 1030 zuwa 1032, tsarkakewar ƙarshe ta zaɓaɓɓu ya kira shi, ya ce dabam yake ɗungum da azabar 'yan wuta. Fafaroma John Paul na biyu ma ya faɗa a Agustan 1999 cewa kalmar ba wuri take nufi ba, hali ne na kasancewa. Masu zane ne suka cika mana ido da kogo da harshen wuta.

Ustaz Kabiru, Makka: To wannan ya kashe gidan tsarkakewa da nake shirin kawowa, ya kashe wutar tsarkakewa ma, don Bahaushe na jin wuta a zancen lahira jahannama zai hango. Ni dai ga shawarata: a bar sunan yadda masu shi ke faɗa, Furgatori, a bi shi da bayani, tsarkakewar bayan mutuwa. Aƙidarsu ce, sunansu ya fi amana.

Malam Bello, Jidda: Kalma uku a madadin ɗaya, da ta Bature a gaba tana jan ragama. Ita kanta kalmar Latin ɗin sunan wuri ce, Larabcin ma sunan wuri ne. In Fafaroma bai canza tasa ba don me ni zan janye tawa?

Baba Ɗan Mai Wurno, Jidda: A nan kam yaron yana da gaskiya.

Abu Hafsa, Madina: Ga abin da zan yi, don sai na kai takardun wurin buga su kafin Azahar. Kan babi: Furgatori, wato tsarkakewar bayan mutuwa a aƙidar Katolika. A cikin darasi zan riƙa cewa tsarkakewar kawai. Zan sa Maɗhar sau ɗaya da wasalinsa saboda za su gamu da shi a littattafan kulliya. Zan kuma ware sakin layi in nuna ba barzahu ba ne, ba A'arafi ba ne. Hujjojin Malama Rifkatu da raddin Malam Yakubu duk za su shiga. Malam Bello, matsarkaka zan faɗe ta da baki in ga yadda yaran za su karɓa.

Malam Bello, Jidda: Da baki. Madalla. Kalmar da ba a rubuta ba ai an binne ta da rai. Ka dai faɗe ta da sauti sama duka, kamar makaranta, kada ka karya ta a tsakiya su ji jam'i.

Hajiya Umma, Shara Mansur: Ka sa wani ya ɗauko mana muryar ajin lokacin da za ka faɗa.

Rifkatu, Riyad: Malam, in ɗalibanka za su duba Makabiyawa da Hausa, sai sun nemi bugun Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da Afokirifa, wato ƙarin littattafan da ba sa cikin 66 ɗin; wanda aka fi samu a kasuwa ba shi da shi. Kuma kada adadin kuɗin ya ruɗe ka, tsohuwar fassarar Latin 12,000 ta ce, na Girkanci 2,000.

Abu Hafsa, Madina: Tawa 12,000 ta rubuta. Zan sa duka biyun.

Malam Bello, Jidda: Ni a nawa rubutun matsarkaka zan ci gaba da sawa, wanda ya ga dama ya yi dariya.