An ce ƙanena ya yi AWOL: waɗanda abin ya taɓa shafa, ku ba ni haske

'Yar'uwarku daga Makka:
Assalamu alaikum. Ƙanena soja ne a Najeriya, ya karɓi fas na kwana 7 domin jinyar mahaifiyarmu, da jikin ya tsananta sai ya ƙara kwana 9 bai koma bariki ba. Jiya abokin aikinsa ya sanar da ni an rubuta masa AWOL, kuma hankalina ya tashi, domin abin da na sani a nan Saudiyya shi ne hurub, wato rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, wanda idan kafili (mai ɗaukar nauyin zaman baƙo) ya shigar wa mutum, zamansa a ƙasar ya lalace.

Tsohon soja, Jidda:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. AWOL haruffan farko ne na kalmomin Turanci, ma'anarsu barin bakin aiki ba tare da izini ba. Dokar sojojin Najeriya ta raba laifin gida biyu: sashe na 59 na wanda ya yi fashin aiki ne, sashe na 60 kuma na wanda ya gudu da niyyar ba zai dawo ba, kuma na biyun ne mai nauyi. Ni ma na taɓa ƙara kwana 5 lokacin da haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama. Na koma da ƙafata riƙe da takardar asibiti, aka gurfanar da ni gaban kwamanda, aka yanke mini albashin kwanakin, na kwana a gadirum, maganar ta mutu. Abin da ya fi yi mini ciwo har yau shi ne abokina da na bari yana gadi a madadina dare biyar, domin duk sojan da ya ɓace, wani ne yake ɗaukar nauyinsa. Ki gaya wa yaron kada kunya ko tsoro su sa ya ƙara ko da kwana ɗaya.

Mai aikin tafinta, Riyad:
Baba ya faɗi gaskiya. Na yi aiki tare da wasu tsofaffin sojojin Amurka, kuma a wurinsu na fahimci cewa sojan ƙasa da na sama ne suke cewa AWOL, na ruwa kuwa UA suke cewa, alhali laifin ɗaya ne a sashe na 86 na dokarsu, gudu kuma yana sashe na 85. Idan mutum ya cika kwana 30 ba a gan shi ba, sai a cire sunansa daga rajistar rundunarsa a lissafa shi cikin magudu.

Ɗan Sinnar mazaunin Madina:
Mu a Sudan da Larabci muke faɗa, giyab ga mai fashi, hurub ga wanda ya gudu, saboda haka ruɗewarki ba abin mamaki ba ce, Yaya. Lokacin da nake hidimar ƙasa na sulale na tafi taya mahaifina girbin dawa, ina ganin uzurina ya isa. Da ya gane ba da izini na zo ba, bai bari na kwana biyu ba, shi da kansa ya raka ni har ƙofar sansani. An hore ni, amma an ba ni takardar kammalawa, wadda ba don ita ba da fita ƙasar ma ya yi mini wuya.

Tsohon soja, Jidda:
Ƙarin bayani ɗaya, domin iyalai suna yawan haɗa haruffan nan: MIA wanda ya ɓace a fagen fama ne, KIA wanda aka kashe, POW fursunan yaƙi, kuma babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu. Bayan harin Haskanita a Darfur cikin Satumban 2007, inda aka kashe dakarun kiyaye zaman lafiya na Tarayyar Afirka 12, an yi kwanaki ana neman waɗanda suka bazu a daji, kuma zalunci ne a kira irinsu magudu.

'Yar'uwarku daga Makka:
Allah ya saka muku da alheri. Na kira shi yanzu, ya karɓi takardun asibiti, gobe da asuba zai kama hanya, ƙanwarmu kuma za ta zauna da Mama. Baba, idan ya isa bariki, wa ya kamata ya fara gani?