Maganin ɓera a cikin K2: taƙaitaccen abin da likitoci suka tattauna

A watan Maris na 2018 asibitocin jihar Illinois ta Amurka suka fara karɓar masu shan K2 da Spice, wato wiwin sinadari, jini na zubar musu ba ƙaƙƙautawa. Gwaji ya gano brodifacoum, maganin ɓera mai hana jiki sabunta bitamin K, wanda sai da shi hanta ke sarrafa abubuwan daskarar da jini.

Alamun ba sa fitowa nan take, sukan ɗauki kwanaki: fitsari ja, haɓo, jini a dasashi, tabo a fata ba tare da an bugu ba, ciwon kwiɓi. Duk wanda ya sha, a auna masa INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, ko da lafiya lau yake ji.

In jinin ya tsananta, a ba shi filasma (ruwan jini) ko PCC (haɗin abubuwan daskarar da jini) tare da bitamin K1 ta jijiya. Inda aka fi tafka kuskure shi ne bayan sallama. Dafin yana maƙalewa a hanta, don haka ƙwayar K1 mai yawa za a ci gaba da sha kullum, watanni ma. Mara lafiya ya ga sauƙi ya daina, jinin ya dawo. Asfirin da ibuprofen kuwa, kar a kusance su.