Yaya Ray Harroun ya ci tseren 1911 ba tare da makanike ba?

Garba_Injin:
Jama'a, a hotunan tseren Indianapolis 500 na farko (tseren motoci na mil 500 a Amurka) kowace mota da mutum biyu a ciki, amma Harroun shi kaɗai ne. Mene ne aikin na biyun, kuma ta yaya shi ya yi babu shi?

Malam_Sani:
Na biyun makanike ne, kuma ba zaman banza yake ba. Shi ke buga famfon hannu don iska ta tura fetur daga tanki zuwa inji, ya lura da baƙin mai, ya leƙa tayoyi, sannan ya waiwaya ya taɓa direba idan wata mota na shirin wucewa. Harroun injiniya ne a kamfanin Marmon, da shi aka ƙera motar, Wasp mai silinda 6 da kujera ɗaya, lamba 32. Da sauran direbobi suka yi ƙorafi cewa ba ya ganin baya, sai ya kafa madubi bisa sanduna a gabansa. Sai dai hanyar bulo ce, guda miliyan 3.2 da aka shimfiɗa a 1909, girgiza ta sa madubin bai nuna abin kirki ba.

Hajiya_Rabi:
Malam Sani, madubin ne ya yi suna, amma taya ce ta ci tseren. Bulo na cin roba, da zafi ya yi yawa sai fatar tayar ta ɓare. Harroun ya gane cewa in ya tsaya wajen mil 75 a awa tayoyinsa za su daɗe, don haka bai biye wa masu gudu ba. Sau 4 kawai aka canza masa taya, Ralph Mulford mai motar Lozier kuwa ya yi ta tsayawa, ya ƙare na biyu. Harroun ya tashi daga matsayi na 28 cikin motoci 40, ya gama zagaye 200 cikin awa 6 da minti 42, ranar 30 ga Mayu.

Malam_Sani:
Haka ne, Hajiya. A ƙara da cewa Cyrus Patschke ya karɓe shi tuƙi na wani lokaci a tsakiyar tseren. Kujerar makanike ma ba wajen wasa ba ce, wani makanike, Sam Dickson, a ranar ya rasu da motarsu ta yi hatsari. Daga 1912 aka wajabta ɗaukar makanike har zuwa 1922. Harroun bai sake shiga wannan tsere ba, ya koma ƙere-ƙere, har ya tsara wa kamfanin Maxwell motocin tsere.