Kofin Kaduna da Makin Agege

Ɗan Ƙofar Mata

Assalamu alaikum. Zancena a kan kakar wasan Kano Pillars ta 2019 ne, shekarar da muka ƙare gasar lig ta Nijeriya a matsayi na biyu, sannan muka ɗauki kofin ƙalubale na Aiteo a Kaduna ranar 28 ga Yuli, bayan an tashi babu ci tsakaninmu da Niger Tornadoes, muka kuma yi galaba da 4 da 3 a bugun fenariti. A ganina shekarar ta yi albarka, kuma duk wanda yake ganin akasin haka sai ya amsa mini da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne Mai bayarwa, Mai hanawa,
Salati ga Manzo nake ƙarawa,
Sannan in kama zancen Kaduna.

Tun 1953 kofin ya bar mu,
Kakanni suka gan shi, ban da mu,
Shekara sittin da shida yana guje mu,
Sai ga shi ya durƙusa a Kaduna.

Kofin lig mun ɗaga shi har sau huɗu,
Uku a jere, ba mai kamo mu a gudu,
An san mu arewa, an san mu kudu,
Na ƙalubale ne ya ƙi hannuna.

Ibrahim Musa ya tsara mazaje,
Rabi'u Ali, Pele, na gida da waje,
Muka cika motoci, kowa ya ce sai ya je,
Na bar kasuwa, na rufe shagona.

Minti casa'in raga ba ta motsa ba,
Mu ba mu ci ba, su ma ba su ci ba,
Na zauna kan siminti ban ko tashi ba,
Bugun zuciya ina ji har kunnena.

Da aka zo fenariti na sunkuya,
Na kasa kallo, na ba wa fili baya,
Ihun mutane ne ya sa na waiwaya,
Na shafa hula, ba ta bisa kaina.

Huɗu da uku, sai Masu Gida,
Kofi ya hau mota ya nufi gida,
Mai ja da wannan ya fito ya faɗa,
Ina nan zaune da alƙalamina.

Dattijon Fagge

Wa alaikumus salam, ɗana. Ban ƙi murnarka ba, amma lissafinka bai cika ba. Ka tuna cewa an tsayar da gasar 2018 ba tare da kowa ya faɗa gasar 'yan dagaji ba, shi ya sa a 2019 ƙungiyoyi suka kai 24, aka raba su gida biyu, sannan aka ɗebi uku na saman kowane rukuni aka tara su a filin wasa na Agege da ke Legas a watan Yuni, domin kowace ta kara da sauran biyar. Enyimba ta garin Aba, wadda ake yi wa laƙabi da giwa, ta gama da maki 12, mu kuwa muka gama da 11.

Ɗana, na ji waƙarka, ta yi zaƙi,
Amma ka tsallake babban aiki,
Kofi na yini guda ne, kamar biki,
Lig kuwa noman damina ce gaba ɗaya.

Mu shida aka tara a birnin Ikko,
Wasa biyar-biyar, a fid da na farko,
Muka hura wuta, muka dama koko,
Da za a sha aka ce saura maki ɗaya.

Giwar Aba mun gamu da ita,
Biyu da babu muka lallasa ta,
Amma ta miƙe ta kaɗe ƙurarta,
Sauran huɗun ta cinye su baki ɗaya.

Mu kuwa sau biyu muka yi kunnen doki,
Kowanne ya zaftare mana maki,
Na ranar Rangers shi ya bar mini miki,
Ɗaya da ɗaya, aka tashi da hayaniya.

Aka kutsa fili, aka bi alƙali,
Fushi ya zo ya kori hankali,
Aka ci mu tara, kuma da dalili,
Na gani a talabijin, na ji kunya.

Mai horar da giwar ma ɗan Kano ne,
Usman Abdallah, ai na gida ne,
Kofi na takwas ya kai musu, haka ne,
Ya bar mu muna ajiyar zuciya.

Malama 'Yar Gwale

Baba, Allah ya ƙara girma. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a cikin baitocinka, wato kwatanta kofin da biki da ka yi, domin ba a fahimtar abin da ya faru a Kaduna sai an koma watan Oktoba na 2018, lokacin da muka buga wasan ƙarshe na wannan kofi da Rangers ta Inugu a filin Stephen Keshi da ke Asaba, muka yi gaba da ci 3 da nema, aka farke su duka, aka kuma doke mu da 4 da 2 a fenariti. Ni a gida na kalli wasan, ga kuma yadda ya same ni.

Baba, a gafarce ni in sa baki,
Ina ga ka manta da ranar Asaba.

Uku muka zura, su ko babu,
Ba wanda ya ce kofin bai zo ba.

Na aika yaro ya sayo lemo,
Na ɗora shinkafa, ban ko jira ba.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga,
Ta ce mini barka, tun ba a tashi ba.

Saura kwata alƙali ya busa usur,
Suka farke ɗaya, ba mu damu ba.

Suka ƙara ta biyu, gida ya yi tsit,
Ludayi a hannuna, ban motsa ba.

Ta uku ta shiga dab da tashi,
Autana ya kwanta, bai ci abinci ba.

Fenariti ya zo, gwiwa ta riga ta mutu,
Huɗu da biyu, ba mu farfaɗo ba.

Barewar Inugu ta tsallake da kofin,
Da shekara talatin da biyar ba ta gani ba.

Wata tara muna yawo da wannan,
Masu gori ba su bar mu mun huta ba.

Ko cefane na je, sai a ɗaga yatsu uku,
Mai kayan miya ma bai ƙyale ni ba.

To da fenariti ya sake zuwa a Kaduna,
Wa zai ce gabansa bai faɗi ba?

Inda aka kayar da mu nan muka miƙe,
Ba a kiran wannan biki, Baba.

Bazazzagi

Jama'a, tun da a ƙasar Zazzau aka yi abin, a filin wasa na Ahmadu Bello, ina da haƙƙin magana, kuma wasan da ke tsakaninmu da Kanawa ya ba ni damar in faɗa ba tare da kowa ya ɗaure fuska ba.

Kun je Asaba, kun dawo da kuka,
Kun je Ikko, wani ya girbe shuka,
Sai da kuka tako Zazzau mai albarka,
Sannan kofi ya yarda da ku.

Ana yi wa Kano kirari da tumbin giwa,
Da can ban san ma'anar ba kuwa,
Sai a Agege na sami ganewa,
Ashe giwa ce ta haɗiye ku.

Hular da ta faɗi tana hannuna,
Ɗan Ƙofar Mata, ka dawo Kaduna,
Ka biya kuɗin shara a gabana,
Kafin in mayar muku da kayanku.

Ɗan Minna

Ina gaishe da Baba da Malama da sauran 'yan'uwa. Tun ɗazu ake ambaton Niger Tornadoes kamar wani tsani da aka taka aka hau, alhali mun taɓa ɗaukar wannan kofi a 2000, mun kuma kai wasan ƙarshe a 2017, inda Akwa United ta doke mu a fenariti. A kakar da kuke magana a kanta mun riga mun faɗa gasar 'yan dagaji kafin mu zo Kaduna, amma duk da haka ba a iya zura mana ƙwallo ba har aka tashi.

Kuna ta jayayya tsakanin kofi da maki,
Ku juyo Minna ku ga masu wahala.

Lig ta koro mu tun kafin wannan rana,
Ba mai zaton za mu kai ƙarshe, wallah.

Muka zo Kaduna da rauni a jiki,
Muka tsare raga, muka ƙi sakin akala.

Masu Gida na ta ƙwanƙwasa ƙofa,
Ba su ga kafa ba, ko ta hasken fitila.

Bugu ɗaya ne ya raba mu da ku,
Ba fin ƙarfi ba ne, in za a yi adala.

Sau biyu a shekara uku fenariti na cin mu,
Akwa ta fara, ku kuka kammala.

Sunan da ake kiran mu bai canja ba,
Da ci da rashi, mu ne Ikon Allah.

Ɗan Ƙofar Mata

Yayana na Minna, gaskiyarka ce, kuma wanda ya zauna a filin ranar ba zai musa maka ba. Baba kuwa ina tuna masa cewa matsayi na biyun da yake kuka da shi ne ya ba mu gurbi a gasar zakarun Afirka.

Ɗan Minna, na sara maka, ka faɗi gaskiya,
Kun tsaya tsayin daka, ba ku ja da baya,
Baba kuwa da ke kukan maki ɗaya,
Ya dubi tikitin da ke hannuna.

Na biyu ne ya kai mu gasar zakaru,
Inda gwanayen Afirka suka taru,
A 2009 a can darajarmu ta ƙaru,
Fitar da Al Ahly na nan a raina.

Ɗan Zangon Kumasi

Ina miƙo gaisuwa daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Da na yi niyyar in karanta in wuce, amma tun da an ambaci tikitin Afirka dole in yi magana, domin ƙungiyar garinmu, Asante Kotoko, ita aka haɗa ku da ita a zagayen share fage a watan Agusta na 2019. Kun ci 3 da 2 a filin Sani Abacha, mu kuma muka ci 2 da nema a filin Baba Yara, jimilla ta zama 4 da 3. Ga waɗanda ba su sani ba, tambarin Kotoko beguwa ce, kirarinta kuma da harshen Asante yana nufin in ka kashe dubu, wasu dubu za su taso.

Tikitin naka, ɗan'uwa, na gan shi,
A garinmu aka karɓa aka yage shi,
Kofinku ko wata bai yi ba da ɗaga shi,
Kuka zo Kumasi kuka taka beguwa.

Uku da biyu a Kano, kuka hau murna,
Biyun da muka zura su ne ɓarna,
Ƙwallon baƙo ƙaya ce mai kwana,
Sai an kama hanya take motsawa.

Kirarin Kotoko in ba ku ji ba,
Ka kashe dubu, dubu ba su ƙare ba,
Biyu muka zura, ku ba ku rama ba,
Filin Baba Yara ya ɗauki kuwwa.

Ni dai ranar na rasa inda zan tsaya,
Jar riga a jikina, Kano a zuciya,
Goro ya kawo kakana wannan nahiya,
Na yi tafi, hannun bai so tafawa.

Dattijon Fagge

'Yata ta Gwale, na janye kalmar da ta ɓata miki rai, domin shinkafar da kika ɗora ta tuna mini da abin da ni ma na so in manta. Amma kan maganar lig ina nan inda nake, saboda rabonmu da ita tun 2014, kuma tun daga Agege ba mu ƙara matsowa kusa da ita kamar haka ba, har ma muka faɗa gasar 'yan dagaji a 2022 kafin mu dawo a 2023.

'Yata, na janye kalmar biki,
Wanda ya ga Asaba ya san zafin miki,
Kaduna ta ɗinke shi, ta yi aiki,
Wannan na karɓa, ba na jayayya.

Ɗan Minna, kukan da ka yi mun yi shi,
Shekara uku tsakani muka ɗanɗana shi,
Ramin da ka faɗa mu ma mun gan shi,
Da ƙafafunmu muka bi ka a baya.

Shi ya sa Agege ke hana ni barci,
Lig ta zo har baki kamar abinci,
Aka janye kwano, aka bar ni da ɗaci,
Ina kwana ina ƙirga maki ɗaya.

Ɗan Ƙofar Mata

Baba, na bar ka da ƙirgarka, tun da Malama ta riga ta karɓi abin da muka zo nema. Ɗan'uwa na Kumasi, a gaida mutanen Zango. Saura mutumin Zazzau, wanda har yanzu yake riƙe da kayan mutane.

Bazazzagi, hular nan Zanna Bukar ce,
Ranar na fara sa ta, sabuwa ce,
Kuɗin shara kuwa tsohuwar magana ce,
Kai ke biya, ka haɗo da kayana.