Maƙwabcina ya matsa in cika masa harsashi

Ɗan Maharba: Salamu alaikum 'yan uwa. Farauta gado na yi, mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mini bindiga mai baki ɗaya, ta kamfani ce ba ta maƙera ba. Tun da harsashi ya yi tsada nake tara kwanson da na harba ina sake cikawa, shekara huɗu ko ƙwarzane ban samu ba. To maƙwabcina, kuma surukin yayana ne, ya dage in cika masa guda ashirin saboda birai sun addabi masararsa. Har ya aiko yaro da kuɗi. Gabana na faɗuwa, amma ina jin nauyinsa.

Tsohon Soja: Mayar masa da kuɗinsa yau. Ka taɓa leƙa bututun bindigarsa? Ko a bindiga mai lamba 12 ma, wato awon faɗin bakinta, akwai mai cin kwanso milimita 70, akwai mai 76. Ka sa dogo a gajere, ƙarfin ya taru a gindi. In kuwa ƙirar maƙera ce, garin harsashin kanti ya fi albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba. Na ga hannun da bindiga ta fashe a ciki, yatsu biyu suka rage.

Mai Gona: Ku bar batun bindiga, birai sun gama da mu bana. Kwana nake a gona da gwangwani, ba wanda ya taimaka.

Na Bakin Daji: Haba, zumunci fa. Cika masa kawai, ka rage gari.

Tsohon Soja: Malam, wannan ce shawara mafi muni. In garin ya gaza, ciko ya maƙale a bututu, harbi na biyu shi ke tarwatsa ta. Sannan Dokar Makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi a gida. Ranar da ido ya fita, surukin nan da bakinsa zai faɗa wa 'yan sanda sunanka.

Ɗan Maharba: Yallaɓai, ni fa ba ɗan koyo ba ne, a tsanake nake awo. Kuma ba sayarwa zan yi ba, kuɗin kaya ne kawai.

Tsohon Soja: Tasa wace iri ce?

Ɗan Maharba: Kullum a naɗe take cikin buhu. Bari yayana ya dawo daga kasuwa mu ji.