Garin farmasi da albasar Galmi

Baban Halima: Salamu alaikum ƴan gurup. Wallahi yau raina a ɓace yake. Inna ta jima tana kukan ƙugu da gwiwa, munka kai ta asibiti nan Tawa anka ce ƙashinta ya yi rauni, anka rubuta mata kalsiyom, sinadarin da ka ƙarfafa ƙashi. A farmasi yaron ya ce in haɗa da wani gari wai firebiyotik, shi ka sa jiki ya sha kalsiyom ɗin, jikka 12 gwangwani guda, na biya. Na zo gida ɗana ya karanta jikin gwangwanin ya ce inulin ne, kuma akwai shi cikin albasa da tafarnuwa. Albasar tamu ta Tawa da ka ruɓewa a rudu, rumbun ajiyar albasa! Wannan ba zalunci ba ne?

Ɗan Malbaza: Allah ba Inna lahiya. Amma tsaya Alhaji, "tamu ta Tawa" kamar ƙaƙa? Galmi ƙasar Malbaza take, ku na birni sai dai ku saya.

Maman Nafisa: To Malbaza ba cikin jihar Tawa take ba? Kai kullum sai ka raba kan mutane.

Ɗan Malbaza: Hajiya, ran da farashi ya faɗi buhu ya koma ba kuɗin taki, wa ya ce tamu? Sai da anka ji tana da magani.

Infirmiye Rabi: Baba, ba ƙarya yaron ya yi maka gaba ɗaya ba. Inulin ciki ba ya narkar da shi, sai ya isa babban hanji, ƙwayoyin da ke zaune can su ci shi su saki ɗan tsami, tsamin nan ke narkar da kalsiyom hanji ya tsotse. A 2005 an gwada a Amurka kan yara matasa, giram 8 kullum har shekara guda, an ga sun fi shan kalsiyom. Amma matasa ne masu girma, ba tsohuwa ba. Kuma in babu kalsiyom cikin abincin me hanjin zai tsotsa? Ku ba ta nono da miyar kuka da zogale, kuma kar ta bar maganin likita.

Sani Mai Shago: Ke ma ai ƴar gidan ce, dole ki kare su.

Infirmiye Rabi: Kawu Sani ni ban saida komi ba. Har ma hatsi, dusarshi na da wani sinadari da ke riƙe ƙarfe da kalsiyom, shi ya sa jiƙa shi ya kwana ya yi tsami kamar na koko ya fi.

Maman Nafisa: Kakata hura da nono kawai ta sha, ta haura 90 tana daka da kanta.

Ɗan Malbaza: Ni dai a gyara. Ko a Abijan sunan Galmi ake kira, ban taɓa jin an ce albasar Tawa ba.

Ɗan Madawa: Rabin abin da kuke kira Galmi daga fadamunmu ake loda shi, mu ba mu yi surutu ba.

Ɗan Malbaza: Irin wa kunka shuka?

Baban Halima: Jama'a ni tambayata in maida gwangwanin ko Inna ta sha. Ba wanda ya amsa min.

Alhaji Admin: To a tsaya haka, an kusa kiran magariba. Abin da na fahimta, malamar asibiti da bakinta ta tabbatar maganin yana cikin albasa, kenan mu da munka shekara 20 muna lodinta zuwa Gana ba mu san darajar abin da ke hannunmu ba. Batun suna kuwa Ɗan Malbaza ya hi kowa gaskiya, ni ma uwata ƴar can ce. Alhaji, gobe ka aiko yaro shago in ba shi tiya biyu ya kai ma Inna.