Shin fim ɗin baƙin haure ya zuba gishiri da yawa?

Baban Yara: Jama'a, na kalli fim ɗin nan da kuke ta yabo, na baƙin haure a wani babban birni. Ni a ganina an yi ƙari. Mai gidan haya mugu, ubangida mugu, ɗan sanda mugu. Wane gari ne ba mutumin kirki ko ɗaya?

Uwargida: Baban Yara, ka sake dubawa. Tsohuwar da ta mayar wa yaron kuɗin hayarsa tana kau da kai, muguwa ce? Tsoro take ji. A Ingila dokar shige da fice ta 2014 ta wajabta wa masu gidaje su duba takardun ɗan haya, in ba haka ba a ci su tara. Tun 2012 Theresa May, tana ministar cikin gida, ta faɗa a fili cewa so suke zama ya gagari marar takarda. Doka ce ta ɗaure hannun mai tausayi.

Ɗan Auta: Gaskiyarki, Yaya. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne inda inji ya datse masa yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki, don yana gudun asibiti. Ranar biya kuma ubangidan ya ajiye waya a kan tebur, ya ce ko ya kira 'yan sanda ne? Gumin wata guda ya tafi a banza. Wurin wa zai kai ƙara?

Baban Yara: Na ji. Amma ai wasu sun tsira. A 2005 Sifaniya ta ba mutum sama da rabin miliyan takardar zama. Me ya hana a nuna irinsu?

Uwargida: Su ai kullum muna ganinsu a Facebook, sun jingina da mota. Wanda ke karɓa-karɓar katifa da mutum uku ba ya ɗaukar hoto. Kuma takardar ma ba tabbas: a Italiya dokar 2002 ta ɗaura izinin zama a kan kwangilar aiki, in aiki ya kuɓuce maka, izinin na iya bin bayansa.

Baban Yara: Duk da haka ina tsoron mai kallo ya tashi da tausayi kawai, ya manta mutane ne masu dabara da zuciya, ba abin tausayi zalla ba. A nan ban sauka ba.